Binciken Gawa da Gano Ɓarnar da Sabuwar Cuta Ke Yi wa Sassan Jiki: Misali Daga Cutar Korona

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da wata sabuwar cuta ta ɓulla, abin da likita ke iya gani a jikin majiyyaci taƙaitacce ne. Yakan ga zazzaɓi da tari, ya auna jini, ya ɗauki hoton ƙirji, amma ba shi da halin buɗe huhu ko ƙoda ya duba abin da ke gudana a ciki. Wannan dama ba ta samuwa sai bayan rai ya yi halinsa, watau ta hanyar binciken gawa. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda irin wannan bincike ya gyara fahimtar likitoci game da cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Da farko an ɗauke ta a matsayin ciwon huhu kurum. Gawawwakin waɗanda ta kashe su ne suka nuna cewa jijiyoyin jini suna cikin wuraren da ta fi yi wa illa.

2.0 Yadda Ake Binciken

Wannan ilimi ya daɗe. Tun a 1761 wani malamin likitanci na Jami'ar Padua a Italiya, Giovanni Morgagni, ya wallafa littafi inda ya gwada alamomin da aka gani ga majiyyata kimanin 700 da abin da aka tarar a jikinsu bayan sun mutu. Har yau a kan wannan tushe aikin yake.

Matakan aikin uku ne. Na farko, likita ya duba kowane sashe da ido, ya auna nauyinsa. Na biyu, a yanki 'yan tsokoki a jiƙa su cikin ruwan fomalin don kada su ruɓe, a daskarar da su cikin kaki, a yayyanka su sirara ƙwarai, a rina su, sa'an nan a duba su da madubin ƙara girma. Na uku, a yi gwajin neman ƙwayar cutar a cikin kowane sashe. Da haka ake rarrabe ɓarna iri biyu: wadda ƙwayar cutar ta yi da kanta, da wadda garkuwar jiki ta jawo wajen yaƙi da ita.

Aikin yana da hatsari, kuma ƙasar nan ta shaida haka. Shekara guda bayan gano zazzaɓin Lassa a 1969, Dokta Jeanette Troup, likita a wani asibitin mishan da ke Jos, ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu na 1970. Irin wannan tsoro ne ya sa aka yi ta ɗari-ɗari a farkon annobar korona. A Jamus, alal misali, Cibiyar Robert Koch ta ba da shawara a watan Maris na 2020 cewa a guji buɗe gawar wanda cutar ta kashe. Likitocin birnin Hambug, a ƙarƙashin Farfesa Klaus Püschel, suka ci gaba da aikinsu, daga baya kuma cibiyar ta janye shawarar.

3.0 Abin da Aka Gani a Huhu

Huhun mutum cike yake da miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace kuwa kewaye take da ƙananan jijiyoyin jini. Ta siririn bangon da ke tsakaninsu iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. A binciken farko da aka yi a ƙasar Sin a watan Fabrairu na 2020, an tarar da bangon waɗannan jakunkuna ya lalace, ruwa ya cika su, wani tantani mai kauri kuma ya lulluɓe cikinsu har iska ba ta iya ratsawa. Huhun da ya kai wannan hali yakan yi nauyi, ya yi tauri. Sai dai wannan ba baƙon abu ba ne ga masana, domin sun ga irinsa a annobar SARS ta 2003, da kuma a mura mai tsanani. Abin da ya bambanta korona ya fito ne da aka mai da hankali ga jijiyoyin jini.

4.0 Jijiyoyin Jini da Daskarewar Jini

A watan Mayu na 2020 likitocin Hambug suka bayyana sakamakon binciken gawa 12 na farko da suka yi. A cikin 7 sun tarar da gudajin jini a manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka, alhali babu wanda ya yi zaton haka lokacin da majiyyatan suke raye. A cikin 4 kuwa gudan jinin da ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu shi ne ainihin sanadin mutuwa. A arewacin Italiya, a biranen Milan da Bagamo, an duba huhun mutum 38, aka sami ƙananan gudajin jini a cikin 33.

Wanda zai ce ai duk mai tsananin ciwon huhu yana iya samun haka, amsarsa tana cikin wani bincike da Maximilian Ackermann da abokan aikinsa suka yi a wannan wata. Sun gwada huhu 7 na waɗanda korona ta kashe da huhu 7 na waɗanda mura mai tsanani ta kashe. Ƙananan gudajin jini a jijiyoyin huhun masu korona sun ninka na masu mura har sau 9. Daɗin daɗawa, sun ga tantanin da ya shimfiɗe cikin jijiyoyin ya yi mummunan lalacewa. Wannan tantani shi ke hana jini daskarewa yayin da yake gudana, saboda haka idan ya kumbura ko ya saɓule, sai jini ya fara yin gudaji a wurin. Ma'anar wannan ita ce numfashin majiyyaci yana fuskantar cikas ta fuska biyu: iska ba ta shiga jakunkunan, jini kuma ba ya isa gare su.

5.0 Sauran Sassan Jiki

Ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin halittar jiki ne ta wata kafa da ake kira ACE2, wadda ake samu a huhu da ƙoda da zuciya da hanji. Don haka masana suka faɗaɗa bincikensu. A Wuhan an duba ƙodar mutum 26, aka tarar da 'yan bututun da ke tace fitsari sun lalace. A Hambug an sami ƙwayar cutar a cikin zuciya 24 daga 39 da aka gwada, amma kumburin tsokar zuciya na sosai bai yi yawa ba kamar yadda aka yi tsammani. A ƙwaƙwalwa ma, binciken mutum 43 ya nuna kumburi, musamman a gindinta, kuma tsananin kumburin bai dogara ga samuwar ƙwayar cutar a wurin ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa garkuwar jiki da ta wuce gona da iri tana da babban kaso a ɓarnar. A 2022 kuma masana a Amurka suka bayyana binciken gawa 44, inda suka sami burbushin ƙwayar cutar a sassa daban-daban, har bayan kwana 230 da fara ciwon ga wani majiyyaci.

6.0 Amfanin Binciken da Iyakarsa

Waɗannan sakamako sun ƙarfafa wa asibitoci gwiwa wajen ba masu korona da aka kwantar maganin tsinka jini irin su hefarin. Haka kuma sun dace da abin da gwajin RECOVERY na Ingila ya nuna a watan Yuni na 2020, cewa maganin rage kumburi mai suna dekzametazon ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi.

Amma wajibi ne a lura da iyakar wannan hanya. Gawa tana nuna ƙarshen ciwo ne, ga waɗanda ya fi tsananta a kansu, yawancinsu kuwa tsofaffi ne masu hawan jini ko ciwon sukari tun da can. Wata ɓarnar ma tana iya zuwa daga daɗewa a kan na'ura. Bugu da ƙari, ganin gudan jini bai isa ya faɗi yawan maganin da za a bayar ba. Gwaje-gwajen 2021 sun nuna cewa cikakken awon hefarin ya amfani masu matsakaicin ciwo, bai amfani waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman ba.

7.0 Kammalawa

A watan Afrilu na 2020 aka yi ta mace-mace a Kano, kuma da yake al'adarmu ita ce gaggauta jana'iza, an binne mamatan ba tare da an duba su ba. Sai tambayar iyalai aka yi daga baya. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mutum 979 da aka ƙidaya, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Tambaya tana iya ba da ƙiyasi, amma ba ta nuna abin da ya sami huhu ko ƙoda.

Akwai hanyar da ba ta bukatar buɗe gawa: a soka allura a ɗebo 'yan tsokoki daga huhu da hanta da zuciya, aikin da ba ya ɓata siffar mamaci, ba ya kuma jinkirta jana'iza sosai. Likitocin birnin Sao Paulo na Barazil sun yi amfani da ita lokacin annobar. Shawarar wannan takarda ita ce asibitocin koyarwa na jami'o'inmu su horar da ma'aikata a kan wannan hanya, su kuma zauna da malaman addini da sarakuna a cimma matsaya tun kafin wata sabuwar cuta ta sake ɓulla.