Yankan filawud da zarton lantarki: wace rula ta dace da kafintan Malanville?

Allon filawud, wanda kafintocin Malanville suka fi sani da sunansa na Faransanci, contreplaqué, yakan zo da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Wanda ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano sai ya yi tafiyar sama da kilomita 700, ta Parakou da Kandi, kafin ya iso bakin kogin Neja, kuma kuɗin motar yana cikin farashinsa. Shi ya sa yanka ɗaya da ya karkace ba ƙaramar asara ba ce: ƙofar kabad ta ƙi rufuwa, mai kaya ya ƙi biya, maigidan shago ya sake sayen allo daga aljihunsa.

Zarton lantarki mai faifai ba ya bin layin fensir da kansa. Sai an kafa masa rula miƙaƙƙiya a kan allon, an matse ta, gindin zarton ya bi gefenta.

Kamfanoni na ƙera rular alminiyam mai mamatsi a jikinta: a ɗora, a ja hannu, ta kama allon gefe da gefe. Tana da sauri, amma abin da ya kamata a fara tambaya shi ne tsawonta. Yawancinsu na santimita 60 ne, ko 90, ko 127. Ta 127 ta isa yankan faɗi, amma ba za ta tsaga allo a tsawonsa na 244 ba. Akwai masu haɗi biyu, sai dai mahaɗar ce wurin rauni, don a nan take lanƙwasa idan zarto ya tura ta. Faffaɗa ta fi siririya jure turi, amma idan kaurinta ya yi yawa, injin zarton zai riƙa karo da ita. Kuma kama allo da ta yi ba ya nufin ta zauna daidai. Dole a auna duka ɓangarorin biyu bayan an matse.

Wanda bai samu irin wannan ba, rular magina ta alminiyam mai mita uku da mamatsai biyu za su yi masa aikin. Kafin ya biya, sai ya ja layi da ita, ya juya ta ɗaya gefen layin, ya sake ja daga ɗigo guda zuwa ɗigo guda. Idan layukan biyu suka rabu a tsakiya, rular ta tanƙware. Katako zalla kuwa ba abin dogaro ba ne a garin da hunturu ke busar da itace, damina ta kumbura shi.

Matsalar duka biyun ita ce lissafi. Faifan zarto ba a gefen gindinsa yake ba, akwai tazara tsakani, kuma kowane yanka sai an ƙara ta ko an rage. A nan yaran shago suka fi ɓata allo.

Don haka ma'aunin da kafinta ya haɗa da hannunsa ya fi dacewa da ƙaramin shago. Zai yanko tsiri mai faɗin kamar santimita 10 daga gefen sabon allo, gefen da masana'anta ta yanka, bayan ya gwada miƙewarsa. Sai ya manna shi a kan siririn filawud mai faɗi, ya bi da zarto sau ɗaya ya datse rarar. Daga nan gefen ma'aunin shi ne ainihin inda faifai zai bi: a ɗora shi kan layi, a matse, a yanka. Yana kuma danne saman allon, ya rage tsagewar fatarsa. Sharaɗinsa shi ne na zarto ɗaya ne da faifai ɗaya. In aka sauya, sai a haɗa sabo. A yi guda biyu, dogo da gajere, a rataye su a bango, kada a jingine su a rana.

Ko wanne aka zaɓa, kyakkyawar fuskar allo ta kalli ƙasa, domin haƙoran zarton sama suke fitowa, saman ne ke tsagewa. Faifai ya zarce kaurin allon da milimita kaɗan kawai, kuma a tallafi allon ta ɓangarorin biyu na yankan, don kada ya matse faifan zarto ya yi tsalle baya zuwa ga mai riƙe da shi.