Skyrim ko The Witcher 3: wanne kwamfutarka za ta ɗauka?

Ga matashin Talladje mai tsohuwar kwamfuta, zaɓi tsakanin waɗannan wasanni biyu na takobi da tsafi daga ƙarfin na'urarsa yake farawa. Skyrim na asali, wanda ya fito a 2011, yana tashi da RAM giga 2. The Witcher 3 na 2015 kuwa sai da giga 6 da katin hoto mai ƙarfi, ga cin wurin ajiya, giga 35 ko fiye. Labarinsa dai ya fi armashi a ganina: Geralt, mafaraucin dodanni, yana cigiyar Ciri, yarinyar da ya rena. Dukansu akwai su da Faransanci.

A kula: Skyrim da aka sabunta a 2016 giga 8 yake nema. A tambayi mai sayarwa wanne ne kafin a miƙa kuɗi.