Yamai: Me ke sa taya ta riƙa gogar jikin mota bayan an canja resor?

Duk shekara in damina ta ja baya, titunan unguwanni irin su Talaje, Bukoki da Lazare kan bar wa makanikan birnin Yamai aiki jibge. Ramukan da ruwa ya haƙa, da gargadar hanyoyin da ba su da kwalta, da lodin da ya wuce ƙima, su ne ke karya resor ko su sa shi ya zauna. Mai mota ya kai gareji, a canja masa, ya biya, ya kama hanya yana murna. Bai yi nisa ba sai ga sabuwar matsala: ya karya kwana ya ji ƙara daga ƙafar gaba, ko ya ɗauki mutum uku a baya ya ji taya na gogar ƙarfe duk inda ya faɗa rami.

Da yawa daga cikin ƴan taksi da direbobin faba-faba ba sa ɗaukar wannan ƙara a bakin komai, musamman in makaniki ya ce masu resor ɗin sabo ne, zai zauna da kansa. Alhali wurin da ke gogar, sau da yawa, gefen taya ne ko kafaɗarta, kuma gefen ya fi ko'ina rashin kauri a jikin taya. Ƙusa in ta huda tsakiyar taya ana faci a ci gaba da tafiya. Gefen da ƙarfe ya yanka ba ya facuwa facin da za a amince da shi. A cikin gari abin na iya tsayawa a asarar taya ɗaya. A kan hanyar Doso kuwa, mota cike da mutane, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, fashewar tayar gaba wata magana ce daban.

Resor shi ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke yanke tsayin da za ta zauna a kai. Amortisa aikinsa kawai hana ta lilo bayan ta faɗa rami. A ƙananan motoci irin su Corolla da Starlet, waɗanda suka cika titunan Yamai, resor ɗin murɗaɗɗen ƙarfe ne, a gaba yana zagaye da amortisa. A bayan Hilux da Hiace kuwa lam ne, wato fala-falan ƙarafa da aka jera ɗaya kan ɗaya.

Akwai wani abu da ba kowane mai mota ya sani ba. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna ta ne yadda ko resor ya matse iyakar matsewa, taya ba za ta taɓa jiki ba, muddin tayar da jant ɗin na asali ne. Abin da ke tsayar da ƙafar kafin ta kai can wata ƴar roba ce mai tauri, wadda a gaba take zaune a kan sandar amortisa, ƙarƙashin robar da ke kare ƙura. Wannan roba takan ruɓe da zafi da tsufa. Yaron gareji ya kwance amortisa, ta zubo gutsi-gutsi, ya share ta da ƙafa ya mayar da sauran kayan ba ita. Ke nan in taya na goga, resor mai laushi ko gajere na iya zama wanda ya jawo ƙarar, amma sau da yawa asirin wani abu ya tona: ko robar nan babu, ko tayar ba girmanta ba ne, ko ƙafar ba ta koma mazauninta daidai ba.

A fara da awo

Kafin a sake kwance komai, awo ya kamata a fara yi, kuma kada a yi shi nan take da aka sauke motar daga kirik. Motar da aka ɗaga ƙafafunta kan tsaya a sama fiye da ƙima har sai an ɗan gara ta gaba da baya. A tuƙa ta kwana ɗaya ko biyu, a sami fili mai daidai, a tabbata iskar tayoyi ta yi daidai, sannan a auna daga tsakiyar jant zuwa bakin kogon taya a ƙafa huɗun. Ana aunawa daga tsakiyar jant ne don kada cinyewar taya ta ɓata lissafi. Bambancin ƴan milimita tsakanin hagu da dama ba komai ba ne. In ya haura santimita ɗaya da rabi, akwai abin dubawa.

Sai neman inda ake gogar. A shafa alli a kafaɗar taya, a juya sitiyari iyaka dama da iyaka hagu, a sa mutane su shiga baya, a bi ta wani tudu a hankali. Inda allin ya goge, da inda ƙarfe ko roba ke ƙyalli a cikin kogon, nan ne wurin. Wani lokaci abin bai taka kara ya karya ba: robar da ke lulluɓe cikin kogon ce aka manta ba a maƙale ta ba, ta sauko tana taɓa taya.

Resor ɗin na wannan motar ne?

Yawancin motocin Yamai na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, haka ma kayan gyaransu. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da dama da a da ke bi ta Kwatano suna zagayowa ne ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Mai mota kan gamsu da abin da aka samo masa a wurin masu tsofaffin kaya, a Katako ko wani wuri, da zarar an ce "na Corolla ne".

Sai dai Corolla iri-iri ce. Wadda ke da injin gazuwal ta fi mai fetur nauyi a gaba, don haka resor ɗinta ya fi ƙarfi. Mai dogon baya da aka yi don ɗaukar kaya resor ɗin bayanta daban yake da na mai but. Shekarar ƙira ma na canja shi. Resor biyu na iya kama da juna a ido, a tsawo da faɗi, amma kaurin ƙarfen ya bambanta da milimita ɗaya, kuma wannan ɗaya ya isa ya sa mota ta duƙa in an yi mata lodi. Shi ya sa kamfanoni ke ɗiga fenti mai launi a jikin resor, alamar ajinsa. A ajiye tsohon da aka cire, a jera shi da wanda za a saya, a ƙirga zagaye, a duba kauri da launin ɗigon. Kuma biyu-biyu ake canjawa, hagu da dama tare. Sabo a gefe ɗaya, gajiyayye a ɗaya gefen, mota za ta karkace.

In resor ɗin daidai ne, sai a duba yadda aka zaunar da shi. Farantin da yake zama a kai yana da ɗan lungu inda bakin ƙarfen zai tokare. In bakin bai faɗa lungun ba, resor zai tsaya a karkace, motar ta ɗaga a gefe ɗaya, wani lokaci ma bakin ƙarfen ya leƙo kusa da taya. Akwai kuma resor da ke da sama da ƙasa, in an kifa shi ba zai zauna ba.

Kuskuren da ya fi yawa a garejojin da ba su da rami shi ne ɗaure kusoshin hannun ƙafa tamau alhali motar na rataye a kan kirik. Robobin da ke cikin hannun, waɗanda makanikai ke kira silambulok, ana ƙarasa ɗaure su ne bayan motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa. In an ɗaure su tana sama, da an sauke ta sai su murɗe, su riƙe ta a wani tsayi da ba nata ba, kuma ba su daɗewa suke yagewa. Haka nan kusoshi biyun da ke haɗa amortisa da ƙafar gaba a Corolla: ɗan motsin da ke cikinsu ya isa ya sa kan taya ya kwanta ciki ko ya leƙa waje. Saboda haka duk wanda aka kwance wa ƙafar gaba, daidaita ƙafafu a na'ura, abin da ake kira paralelism, na cikin aikin, ba ƙari ba ne.

A motocin lam labarin ya ɗan bambanta. Ƙusar tsakiya da ta haɗe fala-falan ita ce ke riƙe gindin ƙafafun baya a wurinsa. In ta karye, ko kanta bai faɗa raminsa ba, ƙafar gefe ɗaya za ta zame gaba ko baya. Lam da yawa kuma rabinsu na gaba ya fi na baya gajarta, in an juya shi tayar ba za ta tsaya a tsakiyar kogonta ba. Irin wannan motar ce ake gani a hanya tana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Gwajin mai sauƙi ne: a auna daga tsakiyar jant ɗin gaba zuwa na baya a gefen hagu, a sake a dama, su zo ɗaya. Ƙarafan da ke ɗaure lam da gindin ƙafafu kuma a sake matse su bayan ƴan kwanaki na aiki, don sukan saki.

Taya da jant

Nan ne masu mota da yawa ke da nasu kason laifin. Don motar ta ɗan ɗaga daga yashi, ko don ita ce aka samu da araha, sai a sa taya mafi girma. Lambobin da ke gefen taya su ne ke faɗar gaskiya. A 175/65 R14, girman da ake yawan gani a Corolla, 175 faɗin taya ne da milimita, 65 tsayin gefenta ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin, 14 kuma girman jant ne da inci. Tsayin wannan taya gaba ɗaya kusan milimita 583 ne. In an sa 185/70 R14 a madadinta, tsayin ya zama kusan 615. An cinye wajen milimita 16 ke nan daga sararin da ke sama da taya, ga ƙarin faɗi na milimita 10. Allurar gudu ma za ta riƙa yin ƙarya: tana nuna 100, motar na kusan 105. Irin wannan taya na iya yin shekara ba ta goga ba saboda tsohon resor mai tauri ne ko an yi masa ciko, ranar da aka sa na asali sai ta fara.

Jant ma haka. A jikinsa akwai lambar da ta fara da ET, wadda ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje. Jant mai ET35 a motar da aka yi wa ET45 zai turo taya waje da milimita 10, ta riƙa cin bakin kogo. Mai lamba mafi girma kuma zai kai ta kusa da amortisa. Ramukan kusoshi sun dace ba ya nufin jant ɗin na motar ne. Girman tayar da kamfani ya tsara yana rubuce a wata ƴar takarda, galibi a jikin ƙofar direba ko a littafin motar.

Gyare-gyaren gaggawa da ake yi a bakin titi kuwa, yawancinsu matsalar suke turawa gaba. Yanke zagaye ɗaya na resor don a rage tsayi na ɓata bakin da zai zauna a faranti. Gasa shi da wuta ko yi masa walda na kashe ƙarfinsa, ya zauna ko ya karye ba sanarwa, kuma karyayyen resor na gaba na iya tsaga taya. Cusa guntun tsohuwar taya tsakanin zagaye na hana wani sashe aiki, sauran su ɗauki wahalar. Bubbuga bakin kogo da guduma na iya kashe ƙarar, amma dalilinta na nan. Matse resor da waya ko igiya a maimakon na'urar matsewa kuma haɗari ne ga yaron da ke aikin: in ya kufce, fuska yake nema.

Ɗaga mota fiye da ƙima, wanda wasu ke gani shi ne maganin komai, na da nasa farashin. Kardan zai riƙa aiki a karye, robarsa ta yage da wuri, tiyon birki ya miƙe in ƙafa ta sauka cikin rami, motar kuma ta fi saurin tangaɗi a kwana. A tsofaffin Hilux da Hiace da dama akwai wata na'ura a baya da ke ƙara ko rage ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda motar ta duƙa. In an ƙara lam aka ɗaga bayan ba a sake daidaita ta ba, za ta ɗauka motar babu kaya ko da an cika ta, ta rage wa ƙafafun baya birki. Ƙarin lam kuma bai ƙara wa taya ko birki ƙarfin ɗaukar nauyi ba.

Tayar da ta riga ta goga, a cire ta a duba gefenta na ciki, wanda ba a gani in tana jikin mota. In zare ya bayyana, ko ta yi ƙululu, ta gama aiki, ko a baya bai kamata a mayar da ita ba. Wadda za a saya a madadinta, in ta hannu ce, a karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta.