Takardar Cikin Jita: Hula Ce, Ba Tsaga Ba

Duk bayan ɗan lokaci sai hoto ya ɓulla a Facebook: wani ya sayi tsohuwar jita a gwanjo, ya haska tocila ta ramin da sauti ke fita, ya hango wata takarda da ta yi ja don tsufa, ɗauke da sunan wani shahararren masassaƙi na Sifaniya. Nan take jama'a su hau taya shi murna, har da masu lissafa masa kuɗin gida da mota. Ba wanda ke tambayar wane ne ya manna takardar, kuma yaushe.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar suna hula ce, ba tsagar gado ba. Hula kowa na iya arowa ya kafa a ka. Matar da ta san shadda, in ta shiga Kantin Kwari ba tambari take karantawa ba, murza ƙyallen take da yatsu, ta ɗaga shi ga haske. Mai sayen rago ba ya tambayar igiyar wa ke wuyansa, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Haka masanin jita yake yi: ya zura ƙaramin madubi a ciki, ya duba yadda aka jera siraran katakon da ke tallafe da fuskar jitar, da sawun wuƙa, da irin mannen da aka yi aiki da shi. Takarda ita ce ta ƙarshe da yake waiwaya.

Ɗauki Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, mutumin da ya daidaita siffar jitar Sifaniya da muka sani yau. Ya yi aiki a Sebiya, ya ajiye sana'ar na wasu shekaru, sannan ya dawo mata a Almeriya a 1875, kuma sai a wannan zango na biyu ya fara sa lamba a takardunsa. Da sunansa ya yi tsada, jitocin da bai taɓa gani ba suka yi ta yawo da takarda mai sunansa. Masu goge irin na Turawa sun fi kowa shan wannan: masana'antun Markneukirchen a Jamus da Mirecourt a Faransa sun fitar da dubban goge masu takardar masassaƙin goge Stradivari, wanda ya rasu tun 1737. Da yawa ma ba yaudara suka nufa ba, cewa kawai suke a kan fasalinsa aka yi.

Ko takardar gaskiya ba ta faɗin komai da komai. Jitar 1912 da mai shagon jita Manuel Ramírez ya ba makaɗi Andrés Segovia a Madrid sunan Ramírez ke cikinta, amma masana sun tafi a kan cewa babban ma'aikacin shagon, Santos Hernández, shi ya haɗa ta. Sunan shago ne, ba na hannu ba, kamar dai yadda yaron tela ke ɗinki a ce na maigida ne. Daga baya shagon José Ramírez na uku ya riƙa buga haruffan farko na sunan kowane ma'aikaci a jikin katako daga ciki. Ita kuwa jitar Segovia tana gidan tarihi na Metropolitan a New York.

To yaya ake yin takardar da za ta daɗe? Nan ne sababbin masu sana'ar ke sakaci. Mutum ya kwashe watanni yana sassaƙa, ƙarshe ya buga sitika da firintar ofis ya liƙa. Rani biyu, mannen ya narke, takarda ta faɗo tana kai da kawo a ciki. Ƙwararru takarda mai ƙwari suke nema, irin wadda aka yi da auduga, marar sinadarin da ke sa takardar jarida yin ja da rugurgujewa. Tawada kuma sai wadda ruwa ba ya wankewa, domin manne da kansa ruwa ne. Na gargajiya shi ne wanda ake dafawa daga fatar dabba ko ta kifi, wasu kuma kunun sitacin alkama irin na masu ɗaure littafi. Amfaninsa, bayan shekara ɗari mai gyara zai iya ɗaga takardar da ɗan danshi ba tare da ta yage ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne takarda na kumbura in ta sha ruwa. Ka shafa manne ka ɗora nan take, sai ta yamutse kamar rigar da ta kwana a buhu. Don haka ake shafawa kaɗan, a ba ta ɗan lokaci ta gama miƙewa, a ɗora ta a bangon baya daidai saitin rami, tsakanin katakon tallafi, a lallaɓa ta daga tsakiya zuwa gefe, a danne da nauyi har ta bushe. Yawanci duk wannan kafin a rufe cikin jitar ne, tun hannu na iya kaiwa.

Abu ɗaya da bai kamata a raina ba shi ne shekara. Tun 1992 yarjejeniyar CITES ta tsananta hani a kan cinikin katakon rosewood na Barazil tsakanin ƙasashe, kuma da shi aka yi baya da gefen tsofaffin jitoci masu daraja. Makaɗin da zai ƙetare iyaka da irin wannan jita dole ya nuna cewa katakon ya girmi dokar. Ma'aikacin kwastan, wanda sau da yawa bai bambanta wannan katako da wancan ba, takardar ciki zai fara leƙawa, wadda mai jabu ya fi kowa iya bugawa. Masu sana'a da yawa kuwa, ciki har da Hermann Hauser na Jamus, ba su tsaya ga takarda ba: sukan sa hannu da kwanan wata a ƙarƙashin fuskar jitar, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi.