Tsoro Ba Tare Da Bindiga Ba: Wasannin Kwamfuta Masu Komawa Ingilar Zamanin Biktoriya

Idan aka ce wasan kwamfuta, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙwallo, tseren mota ko harbe-harbe. Amma akwai wani nau'i da babu ruwansa da gudu ko makami, sai dai yakan hana mutum barci. Shi ne wasan nuna-ka-danna mai ban tsoro, musamman wanda ke ɗaukar mutum ya kai shi cikin tsofaffin gidajen Ingila na ƙarni na 19.

Yadda ake yinsa ba wuya. Hoton ɗaki ne zai bayyana a fuskar kwamfuta, kai kuma kana riƙe da linzami kana yawo da 'yar kibiya. Ka danna ƙofa, a ce maka a kulle take. Ka danna aljihun tebur, ka tsinci wasiƙa da guntun kyandir, ka adana su. Can gaba ka sami ashana, ka haɗa ta da kyandir, sannan ka iya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda mabuɗin yake. Tamkar kacici-kacici ne na dare, wanda ba a wucewa gaba sai an ba da amsa.

Tun 1980 Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House a Amurka, wasan da ya haɗa labari da zane a cikin wani tsohon gida da ake kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. A lokacin sai mutum ya rubuta umarni da hannunsa. A 1987 Maniac Mansion na kamfanin Lucasfilm Games ya yaɗa salon nunawa da dannawa. Da faifan CD ya shigo, aka sami The 7th Guest a 1993, sai Phantasmagoria a 1995, wanda ya cika faifai 7.

To me ya sa masu ƙirƙirar waɗannan wasanni ke yawan komawa zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901? Na farko dai duhu. Yawancin gidaje kyandir da fitilar gas suke amfani da su, ga hayaƙin kwal da ke cakuɗuwa da hazo ya lulluɓe birnin Landan. Na biyu, mutanen lokacin sun damu da mutuwa ƙwarai. Ita kanta sarauniyar, tun da mijinta Albert ya rasu a 1861 ba ta daina sa baƙaƙen kaya ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ana taruwa a falo ana da'awar kiran ruhohin matattu, a daidai lokacin da littafin Charles Darwin na 1859 ke girgiza imanin jama'a. A 1888 kuma aka yi kashe-kashen unguwar Whitechapel, waɗanda har yau ba a tabbatar da wanda ya yi su ba. Marubuta sun ɗebi wannan fargaba: labarin Jekyll da Hyde ya fito a 1886, Dracula na Bram Stoker a 1897.

Akwai kuma dalilin da ya shafi wasan kansa. Zamani ne na wasiƙu, littattafan ajiye sirri da manyan mabuɗai, ba wayar da za ka kira ɗauki. Duk abin da mai gida ya ɓoye yana nan a rubuce cikin wani akwati, yana jiran mai tonawa. Wasan da gaba ɗayansa bincike ne ba zai sami wurin da ya fi wannan ba.

Dubi The Last Door, wanda kamfanin The Game Kitchen na birnin Sebiya a Sifaniya ya fara fitarwa a 2013. Labarin yana faruwa a 1891. Jeremiah Devitt ya sami wasiƙa daga abokin karatunsa Anthony Beechworth, ya je gidansa ya tarar da shi shiru, sai hankaki. Da gangan aka yi zanen da manyan ɗigogi, har fuskokin mutane ba su da ido ko baki. Abin da idonka bai gani ba, zuciyarka ce za ta cike shi, ga ƙarar katakon bene da kiɗa mai sanyaya jiki. A farkon wasan ma, Beechworth yana shirin halaka kansa, kuma labarin ba ya motsawa sai kai ka danna. A fim, kana iya rufe ido abin ya wuce. A nan hannunka ne ke buɗe ƙofar da ranka ba ya so a buɗe, kuma wannan shi ne ƙashin bayan tsoron.

The Excavation of Hob's Barrow na 2022 ya bi wata hanyar. Thomasina Bateman, mai tonon kayan tarihi, ta sauka daga jirgin ƙasa a ƙauyen Bewlay na arewacin Ingila domin haƙa wani tudun kabarin mutanen da. Wanda ya gayyace ta bai zo tarbarta ba, mutanen gari kuma kowa na kauda kai idan ta ambaci tudun. Sa'o'i za ka yi kana hira da su a mashaya da coci kafin a kai ga haƙan. Ita ta dogara da hankali da ilimi, kai kuma kana ganin inda taurin kai zai kai ta, amma dole ka taya ta neman ma'aikata da kayan aiki.

Sai dai akwai abin lura ga ɗan Afirka. Labaran wancan zamani na daular Ingila sun saba mayar da ƙasashen da aka mallaka tushen tsafi da la'ana, kuma wasu wasannin sun gaji wannan. A cikin Scratches, wanda aka yi a Ajantina a 2006, marubuci ne ya tare a wani gida ginin zamanin Biktoriya yana jin ƙarar karce da dare, kuma ana danganta masifar gidan da wani abin rufe fuska da aka kwaso daga Afirka. Wasan ya iya gina fargaba, amma wannan tsohon kallo ne da ya kamata a gane shi.

Yawancin waɗannan wasanni ba sa buƙatar kwamfuta mai tsada, The Last Door ma yana kan wayar hannu. Abin da suke nema shi ne haƙuri da iya karatu, domin rabin wasan karanta wasiƙu ne da sauraron hira. Iyaye kuma su sani cewa zanen mai kama da na yara bai sa sun zama na yara ba: akwai kisa, hauka da tsafi a ciki. A duba abin da ke cikin wasa kafin a miƙa wa yaro waya.