Gwajin DNA: Me Yake Iya Tabbatarwa?

A wajenmu Gaya da Ajingi, idan aka yi haihuwa, kafin ranar suna mata sun gama rabon kamanni: hancin uba ne, goshin kaka ne. To, kimiyya ma kamannin take dubawa, sai dai a can cikin ƙwayar halitta.

Jikinmu tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma a jikinsu DNA yake. Kusan kashi 99.9 cikin 100 na DNA ɗinmu iri ɗaya ne da na kowa. Ɗan abin da ya rage ake aunawa, wato wuraren da rubutun gadon ke maimaita kansa, wani sau 8, wani sau 13. Duk adadin da aka gani a jikin yaro, in ba na uwa ba ne, dole a same shi wajen uba. Ba sai an ɗebi jini ba ma, auduga ake gogawa a cikin kumatu.

Alec Jeffreys ne ya gano dabarar a Ingila a 1984. Yau ɗigon jini, yawu ko saiwar gashi na iya kama mai laifi, ko su wanke wanda aka yi wa ƙazafi. Amma tagwaye masu kama ɗaya, gwajin da aka saba ba ya bambanta su.

Ku tuna yaran Kano 9 da aka sace aka sayar a Anambra, aka gano su a 2019. Yaron da aka ɗauke yana ƙarami, aka sauya masa suna da harshe, da me iyayensa za su kafa hujja? Irin wannan ne ya sa nake ganin Kano na buƙatar cibiyar gwaji irin wadda Legas ta buɗe a 2017.

Sai dai fa a kula, 'yan uwa. A 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda a yi gwajin a binciken laifi da rikicin musayar jarirai a asibiti, amma ta hana a kore nasabar ɗan da aka haifa cikin aure da shi. Mijin da ke zargi, hanyarsa li'ani ce a gaban alƙali.