Kuɗin Kati Ma Kaya Ne, A Auna Shi Da Mudu

Yau ba a kan farashin gero ko wake za mu yi magana ba. Maganarmu a kan wayar da ke cikin aljihun kowa ce, da kuɗin da take ci ba a rubutawa.

Dalilin ɗauko zancen shi ne abin da ya faru a shekarar 2025. A watan Janairu hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su yi ƙari har zuwa kashi 50 cikin 100. Saƙon tes da ake turawa naira 4 ya koma naira 6, kira da data su ma suka hau. A cikin wannan shekara kuwa farashin masara da sauran hatsi ya yi ƙasa, da yawa daga cikin waɗanda suka yi ajiya suka ji jiki. Riba ta ragu, kuɗin waya ya ƙaru. To, a irin wannan hali ɗan kasuwa kan duba ko'ina ya ga inda buhunsa ke yoyo.

Mu da muka tashi muna bin iyayenmu kasuwa mun san zamanin da ba waya. In ana son jin yadda dawa ta kwana a Funtuwa, ko yadda masara ta tashi a Giwa ko Saminaka, sai a jira direban da ya taho, ko a tashi yaro a ba shi kuɗin mota. Kafin ya komo farashin ya canja. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo, MTN da Econet suka fara aiki cikin watan Agusta. Layi kaɗai naira 20,000 ne, wani lokaci fiye, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi aka katse. Sai a 2003 Glo ta zo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi. Amfanin abin ga sana'armu ba ya ɓoyuwa. Wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar shigowar waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Watau mai saye a Maraɗi ya san abin da ake ciki a Damagaram kafin ya yi tayi. Saboda haka ba mu ce a ajiye waya ba. Kayan aiki ce, kamar sikeli da mudu.

Kusan dukanmu tsarin biya-kafin-kira muke bi: ka sa kati, ka yi magana, in ya ƙare a yanke. Wannan ya fi wayar tarho ta dā, wadda sai ƙarshen wata ake kawo maka takardar bashi. Amma akwai wani abu. Da yake kaɗan-kaɗan ake sa shi, 200 da safe, 500 da azahar, ba wanda ke ganin jimillarsa. Mu kanmu mun shekara ashirin muna haka. Rannan muka buɗe shafi guda a littafin shago, muka ce duk katin da aka sa, namu da na yara, a rubuta har wata ya cika. Da aka haɗa, sai ga shi ya zarce abin da muke biyan mai gadin sito. Mutumin da ba ya yarda a kwashe masa mudu ɗaya daga buhu, ga shi ana ɗibarsa kullum bai sani ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga wuraren da muka tarar yana zuba, da yadda muka toshe.

Na farko, sanin mudun da ake auna maka. Kowane kamfani yana da tsare-tsare iri-iri, kuma kowane tsari da farashinsa, ana faɗinsa da kwabo a kan daƙiƙa. Lissafin ba wuya: ka ninka kwabon sau 60, ka sami kuɗin minti. In an ce kwabo 25, naira 15 ke nan. In an ce kwabo 40, naira 24. Mutum biyu suna zaune a rumfa ɗaya, layinsu iri ɗaya, amma wannan yana biyan 15 wancan yana biyan 24, don kawai na biyun bai taɓa tambayar tsarin da yake kai ba tun ran da ya sayi layin. Ka kira 300, lambar ofishin kowane kamfani ke nan, kuma kyauta ce. Ka tambaye su abu uku: a wane tsari nake, nawa ne daƙiƙa, akwai wani kuɗi da ake cirewa a kiran farko na kowace rana? In ba ka gamsu ba, ka auna da kanka. Ka danna *310# ka ga abin da ke ciki, ka yi kiran minti ɗaya cif, ka sake dubawa. Abin da ya fita shi ne gaskiyar farashin.

Na biyu, garaɓasa. Za ka ji an ce sa 100 a ba ka 500 ko 600. Mu 'yan hatsi mun san gyara, mun kuma san mai awon da ke cika maka gyara bayan ya buga gindin mudu. Sau da yawa ita garaɓasar da farashi mai tsada ake cin ta, kwanakinta kaɗan ne, in ba ka ƙarar ba ta lalace, wani ɓangarenta kuma data ce ko da ba ka bukata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba mu ce duk garaɓasa yaudara ce ba. Wanda ke sa kati kaɗan ya cinye a kwana biyu tana iya yi masa rana. Amma dillalin da ke wuni waya a kunne, tsari mai araha a daƙiƙa, marar ado, shi ya fi masa. Kada ka tambayi nawa aka ba ka. Ka tambayi minti nawa kuɗinka ya saya.

Na uku, doguwar gaisuwa. Nan za mu taɓa kanmu, a yi mana haƙuri. Mu ɗauka minti naira 15 ne. Ka kira mutum 20 a wuni, kowanne kun yi minti 3 ana ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, kafin a zo kan buhu nawa ne. Minti 60 ke nan, naira 900 a rana, naira 27,000 a wata, ba a taɓa ciniki ba tukuna. Gaisuwa ladabi ce, kuma da ita ake riƙe abokin hulɗa. Dattijo ko uban gida in ka kira shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ko nawa za ta ci. Amma yaronka da kuka rabu da safe, da direban da ka kira sau biyar tun daga Ɗandume, sallama ta isa. Ka shirya abin da za ka faɗa kafin ka danna, kamar yadda iyayenmu ke ƙirga kalmomi in za su buga tangaraho.

Na huɗu, ƙwarin da ke cin kati daga ciki. Akwai waƙar da mai kiranka ke ji, da labarin ƙwallo, da wasannin cin kyauta, da makamantansu. Saƙo kan faɗo a fuskar waya, mutum yana cikin awo ya danna bai karanta ba, shi ke nan ya yi rajista. Ya taɓa faruwa da mu a wani layi: naira 50 kullum, muka daɗe muna zargin yara. Naira 50 sau 365 ta haura 18,000. Maganinsa, ka danna *305# ka ga abin da aka ɗora maka, ka soke. Ka kuma rubuta STOP ka tura zuwa 2442, don a daina turo maka tallace-tallace. In ka kai ƙara ga kamfani ba a share maka hawaye ba, ka riƙe lambar ƙarar da suka ba ka, ka kira hukumar NCC a 622. Waɗannan lambobi na *310# da *305# da 'yan uwansu, tun 2023 aka mai da su iri ɗaya a kowane layi, don haka hadda ɗaya ta wadatar.

Na biyar, bashin kati. Mun taɓa cin na 1,000, aka ba mu 850, da muka sa kati aka cire 1,000 cif. Kashi 15 cikin 100 ke nan, a bashin da bai kwana biyu ba. Wace haja ce a Dawanau ke kawo wannan riba a kwana biyu? Ban da hasara, zuciyarmu ba ta natsu da shi ba ta fuskar addini, don bashi ne da ya jawo ƙari. Hukuncinsa na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Mu dai mun bari.

Na shida, data. Ita ma sari da kiri ce. Wanda ke sayen ta kullum yana biyan giga da tsada, na wata ya fi araha in aka raba. Ka danna *312# ka ga jerin, ka raba kuɗin kowanne da yawan gigarsa, kamar yadda kake raba kuɗin buhu da yawan tiya. Amma data tana da wa'adi, ba ta zama a rumbu. Wanda ya sari giga 20 alhali 5 yake ci, araha ta zama tsada. Ka riƙa duba saura da *323# har wata guda, ka san cikinka, sa'an nan ka sayi daidai shi. Ka sa yaro mai ido ya shiga WhatsApp ya hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, don rukunonin kasuwa ba abin da ba a turowa. In data ta ƙare kuwa ka kashe ta, kada waya ta juya kan kuɗin kira ta cinye. Ka kuma lura da sabuntawa ta kai tsaye, wadda ke cire kuɗi ran da wa'adi ya cika ko kana so ko ba ka so.

A nan ne babbar waya ke biyan kuɗinta. Masu hulɗa da Maraɗi, da Ƙonni, da Damagaram ta Maigatari sun san kiran Nijar kai tsaye yana lashe kati kamar wutar kara. Saƙon murya ta WhatsApp kuwa data kaɗan yake ci, wanda bai iya boko ba ma yana yi, kuma yana zama shaida. In an yi sallama a kan buhu 200 a farashi kaza, maganar tana nan ajiye, gobe ba musu.

Na bakwai, tiransifa da lambar banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin cinikinmu ya koma waya. A tsakiyar 2025 aka koma cire ladan wannan aiki daga kuɗin kati, naira 6 da kwabo 98 a kan kowane zama na minti biyu. Don haka ka ajiye lambar asusun a gabanka kafin ka fara, kada kana lalube lokaci ya ƙare ka sake sabo. Duba saura sau goma a wuni shi ma kuɗi ne. Mai babbar waya ya yi amfani da manhajar banki.

Akwai kuma shawara ga shugabannin ƙungiyoyinmu. Kamfanoni suna da tsarin da suke kira CUG, watau layukan jama'a guda, kowane layi ya biya abu sananne a wata, su riƙa kiran juna ba ƙarin caji. Uban gida mai yara a kasuwannin ƙauye, da direbobi, da masu lodi, ya je ofis ya tambaya, ya gwada da abin da littafinsa ya nuna. In kuwa wani kamfani ya fi naka sabis a garuruwan da kake saye, tun 2013 an ba da dama mutum ya ƙaura da lambarsa ba tare da ta canja ba. Sai dai ka cinye katin da ke ciki tukuna, don ba ya binka.

To, akwai tsimin da hasara ne, kada a ce ba mu faɗa ba. Mun san dillalin da ya rasa la'adar mota guda don katinsa ya ƙare ana tsakiyar tayi, ya tsaya yana filashin, mai kaya ya sallama wa wani. Ranar kasuwa ka fito da waya cike da caji da kati. Haka kuma layin da abokan ciniki suka san ka da shi, wanda alat ɗin banki ke shigowa ta kansa, jari ne. Kada ka jefar da shi a akwati don ka sami mai araha. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, ga masu binka da waɗanda kake bi duk suna kiran baƙo. Ka tabbata da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista, ba da na yaro ba. Ka sa wa sim ɗin lambar sirri, don ɓarawon waya yanzu asusu yake nema.

Abin da muke roƙo ɗaya ne. Daga farkon watan gobe kowa ya buɗe shafi a littafinsa, da ajami ko da boko, ya rubuta duk katin da ya shiga wayarsa da ta yaransa. In wata ya cika ya haɗa, ya yanka wa waya kasonta kamar yadda yake yanka na dako da na haya, ya sa shi sau ɗaya ko sau biyu, ya tsaya a kai. Mu da muka yi haka mun ga sauƙi, kuma ba cinikin da ya wuce mu saboda shi. Dukiya amana ce, za a tambaye mu ta ina ta shigo, ta ina ta fita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya mayar wa waɗanda suka faɗi da alheri, ya ba mu damina mai kyau. Wassalamu.